Ku Tambayi Baba Malam: An sa ni cikin komiten zama da kiristocin kartiyenmu

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba Malam, ina wuni ina gajiya. Ni ne shugaban fadarmu, wato wurin da mu matasa muke taruwa hira da shan shayi, a nan Bukoki, Yamai. Mai unguwa ya kira ni wai za a kafa komite na limamai da fasto da matasa don zaman lafiya kuma yana so in shiga, to tun ranar abokaina ke ta tsiya wai zan sai da addini saboda perdiyam, kuɗin nan da ake ba wanda ya halarci taro, wani ma har ya ce zama da su haramun ne. Ga kuma wata maƙwabciyarmu ƴar Togo, shekara 9 muna gida ɗaya, duk layya innata na aika mata nama, yanzu mijinta ya rasu ban san ko in je gaisuwa ba. Don Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ka aje mujallar nan ka tafi gaisuwar tukuna, ka dawo ka ƙarasa karatu. Shekara 9 kuna shan ruwan pompo ɗaya, ta san kukan ƙannenka ka san tarin mijinta, sai yau da ta shiga baƙin ciki za ka tsaya neman fatawa? Manzon Allah (SAW) ya je duba yaron Bayahude da ke masa hidima sa'ad da ya kwanta ciwo, kuma ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, duka suna cikin Buhari. Abdullahi ɗan Amru in an yanka akuya a gidansa sai ya tambaya ko an kai ma maƙwabcinsa Bayahude. To innarka ba ta yi kuskure ba, ta ma fi ku karatu ku ƴan fada. Ka je ka ce mata sannu da haƙuri, ka riƙe ɗan abin da ya samu ko jika guda ce, in ana jera kujeru ka kama. Ba wanda ya ce ka shiga coci ka yi ibadarsu.

Sai maganar komite. Abokinka mai haramun ya buɗe Suratul Mumtahana aya ta 8, Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba kuma ba su kore mu daga gidajenmu ba. Sahabbai ma da Makka ta yi zafi ƙasar Habasha suka yi hijira, wurin Najjashi, a lokacin kirista ne.

Ni ban manta Asabar 17 ga Janairu 2015 ba, ƙila kai kana lakwal lokacin. Wata jaridar Faransa, Charlie Hebdo, ta yi zanen ɓatanci ga Annabi, ranmu ya ɓaci kuma da gaskiyarmu, aka fara a Damagaram ranar Juma'a, washegari wuta ta iso Yamai, coci 45 aka ƙona a garin nan inji ƴan sanda, mutum 10 suka mutu tsakanin garuruwan biyu, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 3. To ka faɗa min, wanne daga cikin masu sai da shinkafa da wake ƴan Benin ko malaman lakwal ɗin mishan ya zana wani abu a Paris? Da yawan yaran da suka ɗauki esans ran nan ba su taɓa zama da kirista sun sha shayi ba, shi ya sa abin ya zo musu da sauƙi. Kuma a ranar akwai musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu cikin ɗaka.

Amma abokanka ba su yi ƙarya duka ba, gaskiya ɗaya ce. Akwai irin zaman da ake yi a otel, a ci kaji a ɗauki foto a sa hannu a amshi ambulan ɗin kuɗi, kowa ya koma gida ba a ƙara jin ɗuriyarsa sai wani atiliye, wato wani taron bita. In irin wannan ne ka zauna gida abinka. Ka tambayi mai unguwa me za ku yi a ƙasa. Ni abin da zan so in gani, liman na da nimeron fasto fasto na da na liman, in jita-jita ta taso a WhatsApp da dare a kira juna kafin gari ya waye. A shirya maganar lasifika, tasu ta ranar Lahadi da tamu ta wa'azin dare, don daga nan rigima ke yawan farawa. A fito tare a yashe kwalbati kafin damina, ruwa in ya ci Bukoki ba ya tambayar sunan mai gida. Muhawarar wane ne kan gaskiya kuwa ku bar wa malamai, ba aikin komite ba ne.

Mu da muka kai kashi 99 cikin 100 a ƙidayar 2012 nauyin ya fi hawa kanmu, ɗan kaɗan shi ke kwana da fargaba. Mutanen Tawa kuwa su shaide ni, asibitin Galmi na mishan tun 1950 yake, alhazai da malamai nawa aka yi wa aiki can suka koma gida da sallarsu?

Ka shiga komiten. In an ba da perdiyam ka sayo sukari da ganyen shayi ka kai fada, sannan ka gayyato ɗan maƙwabciyar taku ya zo a sha tare, mu ga wa zai ƙi karɓar kofi.