Ga mai tambaya kan faɗuwa a jere a poka ta intanet

Ƙanena, ka ce sati biyu ke nan ana cinye ka a ƙananan teburan poka na waya, kana tambaya ko ka hau tebur mai tsada don kuɗinka su dawo da wuri. Kada ka hau. Na daɗe ina wasan kartan nan na kuɗi, kuma duk yaron da na ga ya ƙone a fadarmu ta Zango, ta wannan ƙofar ya bi.

Karta ba ta san an cinye ka jiya ba, ba ta kuma riƙe maka bashi. Ɗauki As biyu, hannun da ya fi kowane ƙarfi a karta biyun da ake raba wa kowa da farko, wanda yake zuwa kamar sau ɗaya cikin rabo 221. In kuka zuba duka kuɗinku da mai Sarki biyu kafin a buɗe wata karta a tebur, nasararka kusan kashi 82 ce cikin ɗari. Sauran 18 ɗin suna nan, kuma suna iya faɗo maka sau biyu a dare ɗaya. Saboda haka sati biyu ba su isa su nuna ko ka iya wasa ko ba ka iya ba. Abin da na fi ji maka tsoro zafin zuciya ne: ƙarfe ɗaya na dare, an sha shayi na uku, abokai sun watse, kai kuma babban yatsanka yana ta tura jika bayan jika daga asusun waya.

Sauka za ka yi, ba hawa ba. Masu wasan sun saba ajiye jarin da ya kai kuɗin zama 20 zuwa 30, wato kuɗin da ake shiga tebur da su. In kana zama da jika ɗaya, sai kana da jika ashirin da ba na cefane ba. In ka faɗi kuɗin zama biyu a dare, ka rufe waya. Ka rage hannuwan da kake shiga da su, biyu cikin goma sun isa, ka fi shiga lokacin da kai ne na ƙarshen magana. Burga kuwa, wato zuba kuɗi ba hannu mai kyau don a ji tsoro a janye, ka manta da ita a ƙananan tebura, don mutanen wurin ba sa ajiye karta, komai suna biya su gani. In hannunka ya yi kyau ka zuba sosai su biya. Kuma in rezo yana rawa kada ka zauna, lokacinka zai ƙare a yar maka da hannu mai kyau.

Akwai abin da sababbi ba sa lissafawa: mai dandalin yana yankar la'adarsa, wajen kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da aka tara a tsakiya a ƙananan tebura. Ko ƙarfinku ɗaya da abokan wasa, a hankali aljihunka ne ke raguwa.

Ba zan ɓoye maka ba, ni da kai mun san abin da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta ce kan caca, kuma ƙanƙantar kuɗin ba ta canza hukuncin ba. In kuɗin da kake sawa na mai moton da kake kabu-kabu da shi ne, ko rance ne daga wani a Kasuwar Dole, to maganar dabara ta ƙare. Yawancin dandalin nan suna da wurin da mutum zai kulle asusunsa da kansa. Ka kulle yau, ka faɗa wa yayanka ko wani babba nawa ake binka, ku zauna ku tsara biya.