Ciwo a ƙafa, me ya kawo aiki a kunne?

Tambaya: Likita, mahaifina mai ciwon suga ne, gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa. An fara sa shi a ɗakin oksijin mai matsin iska, sai kunnensa ya kama ciwo. Yanzu an ce za a sa masa bututu a kunne. Anya ya zama dole?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. A ɗakin nan ana ƙara matsin iska har ya kai ninki 2 zuwa 2.5 na wanda muke ciki kullum, daidai da wanda ya nutse mita 10 zuwa 15 a ruwa. Bayan dodon kunne akwai ɗan kogo mai iska, kuma ƙofarsa ɗaya ce: wata siririyar hanya da ta ɓulla bayan hanci. Idan matsi ya ƙaru alhali hanyar nan a toshe take, sai dodon ya lotsa ciki. Daga nan ciwo, ruwa ko jini ya taru, wani lokaci ma ya fashe. Wannan ita ce matsalar da aka fi gani a wannan magani, kuma ta fi tsanani a mintunan farko na ƙara matsi.

Yawancin mutane haɗiyar yawu ko hamma ta ishe su, ko su toshe hanci su hura a hankali, kamar dai lokacin saukar jirgi. Ni kafin a kai ga bututu ina so a sake koya wa Baba wannan, a rage saurin ƙara matsin, a kuma duba ko mura ce ta toshe shi. Dattawa akwai kawaici, sai su danne ciwo su yi shiru. Ku gaya masa ya yi magana da zarar kunnen ya ɗaure.

Idan duk an gwada bai yi ba, ku yarda. Gyambon suga kan buƙaci shiga ɗakin sau 20 zuwa 40, ba a daurewa haka. Likitan kunne zai kashe zafin wurin, ya ɗan tsaga dodon, ya maƙala bututun da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Iska ta samu ƙofa ta biyu ke nan. Aikin 'yan mintuna ne, kuma galibi bututun kan faɗo da kansa cikin wata 6 zuwa 12, ramin ya rufe. Nadiran ne yake ƙin rufewa.

Shafar kunne a alwala ba komai, amma wajen wanka a toshe shi da auduga mai Vaseline. In ya fara zubar da ruwa ko mugunya, a koma asibiti.