Na Girka VS Code, Amma Kwamfuta Ta Ce Ba Ta San gcc Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a shekarar farko, an fara mana darasin harshen C, malaminmu ya ce kowa ya riƙa gudanar da aikinsa ta allon umarni (terminal). Na girka VS Code a kwamfutata mai Windows 11, amma da zarar na buga gcc sai ta ce “gcc is not recognized”. Ina matsalar take?
Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kwamfutarki lafiyarta ƙalau. VS Code wurin rubutu ne kawai. Mai juya abin da kika rubuta ya koma harshen da na'ura ke ganewa shi ne kompaila, kuma Windows ba ta zuwa da shi. Wanda kike nema shi ne GCC, kyauta ne, hanyar samunsa da muka fi yarda da ita kuwa ita ce ta MSYS2, wata manhaja mai girka irin waɗannan kayan aiki a Windows.

Ki sauke MSYS2 daga msys2.org, ki bar shi ya zauna inda ya zaɓa, wato C:\msys64. Sannan ki buɗe MSYS2 UCRT64 daga Start, ki buga:

pacman -S mingw-w64-ucrt-x86_64-gcc

Idan ya tambaye ki, ki danna Y. Wannan kaɗai ya ishe ki darasin zangon nan. Kwaso dukan kayan aikin cin data ne kawai.

To, a nan ne yawancin ɗalibai ke makalewa. GCC ya shiga, amma Windows ba ta san ɗakin da yake ba. Duk umarnin da kika buga, tana duba wasu foldodi ne da aka jera mata a wani wuri mai suna Path, in ba ta gan shi a cikinsu ba sai ta ce ba ta san shi ba. Ki rubuta “environment variables” a Start, ki buɗe, ki zaɓi Path, ki danna Edit, sai New, ki saka C:\msys64\ucrt64\bin. Kada ki goge ko layi ɗaya da kika tarar, wasu manhajojin sun dogara da su. Bayan kin danna OK, ki rufe allon umarnin da VS Code ɗin gaba ɗaya ki sake buɗewa, domin tsohuwar taga da tsohon Path take aiki. Ki buga gcc --version. In ta fito da lambar siga, an gama.

Sai gwaji. Ki shiga foldar aikinki da umarnin cd, ki buga gcc -Wall aiki.c -o aiki, sannan .\aiki. Wannan -Wall ɗin ki riƙe shi da kyau, shi ke tona ƙananan kurakuran da kan wuce shiru, irin su saka %d inda ya kamata a saka %f. In aka ce “No such file or directory”, ki buga dir ki duba: ko ba ki cikin foldar, ko Notepad ya mayar da sunan aiki.c.txt. Kuma duk gyaran da kika yi, ki adana, ki sake buga gcc, in ba haka ba tsohon ne zai yi ta fitowa. Idan layukan kuskure sun cika allo, na farkon za ki gyara tukuna. Sau da yawa alamar ; guda ɗaya da aka manta ce ta haifi sauran.

TAMBAYA: Ba ni da kwamfuta, sai wayar Android. Zan iya yin aikin gida da ita?
Wani ɗalibi daga Maraɗi

AMSA: Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa. Ka sauke Termux, manhajar allon umarni ta Android, daga shagon manhajoji na F-Droid, ka buga pkg install clang nano (clang kompaila ne, nano kuwa wurin rubutu). Ka rubuta aikinka da nano aiki.c, ka fassara da clang aiki.c -o aiki, ka tayar da ./aiki. In ka yi amfani da sqrt ko pow aka ce “undefined reference”, ƙara -lm a ƙarshen umarnin. Ka ajiye fayilolinka a cikin foldar Termux ɗin kanta, domin Android ba ta barin furogiram ya tashi daga Download, “Permission denied” kawai za ka gani.