Maganarsa Ta Tabbata, Shin Mu Daina Kai Shi Asibiti?

Tambaya: Kawuna ya daɗe da taɓin hankali. Da kaka ya riƙa tsayawa a bakin rumbu yana ihu kada a sayar da gero, aka yi masa dariya, sai ga hatsi ya yi tsada da bazara. Yanzu ana cewa waliyyi ne, a daina ba shi magani. Mene ne shawararku? Daga wata baiwar Allah, ƙauyen Ringim, Jigawa.

Amsa: Malama, maganar kawunki gaskiya ce, kuma ba sai an nemo mata karama ba. Kowane manomi ya san hatsi yana arha da kaka, amma bashi da biki da kunyar idon jama'a sukan rufe bakin masu hankali, shi kuwa ba su ɗaure shi ba, shi ya sa ya faɗa da ƙarfi. Ya dace a saurare shi, domin sau da yawa ana jifan mai sabon tunani da hauka. Ƙuraishawa ma sun faɗa wa Manzon Allah (SAW) haka, Suratul Ƙalam ta ƙaryata su.

Sai dai dacewar magana ɗaya ba ta nufin ya warke, kuma yanke magani farat ɗaya yakan dawo da ciwon. Idan ba ya barci, ko yana ƙin abinci, ku mayar da shi asibitin masu taɓin hankali na Kazaure, ko na Dawanau a Kano, kuma don Allah kada a sa masa mari.