Tambaya da Amsa: Tafasa ce ko rai-ɗore?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah ya ake bambance tafasa da rai-ɗore? Yarana ne suka ɗebo min ganye a bayan gari wai tafasa, na duba sai naji hankalina bai kwanta ba. Sannan wai da gaske ne tafasa baƙuwa ce a ƙasar nan? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, wallahi kin kyauta da kika tsaya kika duba, don 'yan gida ɗaya ne, duk furensu ruwan ɗorawa, shi yasa yara ke rikicewa. Ki riƙe ganyen a hannu ki ƙirga. Na tafasa guda 6 ne, bibbiyu sahu 3, bakinsu a zagaye, faɗin yana can wajen ƙarshe, kuma da magariba zaki ga sun naɗe kamar masu barci. Na rai-ɗore kuwa tsini gare shi, galibi sahu 4 ko 5. In sun yi 'ya'ya ma ya fi sauƙi, kwanson tafasa siriri ne dogo ya lanƙwasa kamar lauje, na rai-ɗore a daddanne yake. Don Allah ki ja kunnen yaran kar su riƙa tauna ƙwayar rai-ɗore, tana da guba, ko ta tafasar ma in ta yi yawa a abincin kaji ko shanu cutar da su take.

Tafasa 'yar damina ce, ruwan farko ta tsiro, ta kai ƙugu ko ta wuce, kaka ta bushe ta zubar da iri. Bakin hanya, juji, tsohon masheƙari, gonar da aka bari, duk wajenta ne, kuma da yake dabbobi basu cika cinta ɗanya ba sai ta mamaye makiyayar da kiwo ya cinye, makiyaya na kuka da ita sosai.

Maganar baƙunta kuwa gaskiya ce, masana tsirrai sun fi karkata kan cewa asalinta yankunan zafi na nahiyar Amurka, yanzu ta bazu har Indiya da Ostireliya, can ciyawa ce da manoma ke yaƙi da ita. A Sudan da Chadi tsima ganyen suke su busar, kawal suke kiransa, yana tsaya musu a madadin nama a miya. In ta tabbata tafasa ce ki zaɓi ɗanyen tofo, ki dafa ki zubar da ruwan farko kafin ki yi kwaɗonki da ƙuli.