Ki riƙe kuɗinki 'yar'uwa, ƙiba ba ta sauka da shayi

Assalamu alaikum. 'Yar'uwar da ta ce tun haihuwarta ta biyu jiki ya buɗe, gwiwa na ciwo, ɗan tafiya kaɗan sai haki, albashin maigida kuma ba ya kai ƙarshen wata balle a yi maganar gidan motsa jiki ko abincin masu kuɗi, har tana tunanin cin bashi ta sayi shayin rage ƙiba, da ke nake. Wallahi da na karanta sai da idona ya kawo ruwa, don halin da kike ciki na san shi ciki da waje. Na ga wasu na ce maki ki yi haƙuri haka Allah ya yi ki, wasu kuma har sun fara turo lambar masu sayarwa. Don girman Allah kar ki kira ko ɗaya.

Ni ma na taɓa sayen shayin nan, kuma wadda ta sayar mani ba baƙuwa ba ce. Tare muke zama a walima da suna, ƙanwata take ce mani, ta san ina shayarwa, ta san maigidana malamin firamare ne, ta san komai. Ita ta same ni har ɗaki da hotunan wasu mata a waya, ga su da ƙiba, ga su sun rame. Ta ce kayan waje ne, ganye ne zalla, ko mai jego za ta sha. A farar leda ta kawo shi, ba suna, ba lambar NAFDAC, ta ce wai kwalin ne ke ƙara tsada shi ya sa ta cire don ta sauƙaƙa mani. Kwasar adashena gaba ɗaya ta karɓa, kuɗin da na tara don gyaran keken ɗinkina. Ta ƙirga su a gabana tana murmushi tana cewa nan da sallah ko mijina ba zai gane ni ba.

Ƙa'idarta a sha safe da dare, kar a ci komai sai azahar. Cikina ya dinga murɗawa kamar ana matse wanki, bayi kuwa ba a magana. Na kira ta ina kuka, ta ce in yi murna, kitsen ne ke narkewa yana fita. Ga shi lokacin bazara ne, kin dai san zafin Sakkwato a watan Afrilu, inuwa ma ƙuna take. Ranar da ba zan manta ba, bikin ɗiyar ƙanen maigidana ne a Mabera. Gida cike da mata, dangin miji kaf suna nan. Na miƙe in gaida wata gwaggonsu, sai na ji ƙasa ta juya, kunnuwana suka toshe. Da na farfaɗo ina kwance a tsakar gida, ana yayyafa mani ruwa, ɗankwalina a gefe, zanena ya ɓaci. Kin gane abin da nake nufi. A gaban mata, a gaban 'yan mata ƙanana da ke gaishe ni da durƙuso. Wata dattijuwa, Allah ya saka mata da aljanna, ta cire mayafinta ta rufe ni. Amma yayar maigidana tsaye take a kaina tana faɗa da ƙarfi kowa na ji: "Mi yak kai ki? Mace da ɗiya biyu tana son ta koma budurwa!" Ita ce kuma mai ce mani buhun gero duk lokacin da aka taru. Har yau in na tuna wannan tsakar gidan sai in ji jikina ya yi sanyi. Na daɗe ban taka gidan biki ba, ko Islamiyya sai da na ɗauke ƙafa, don gani nake kowa labarina yake yi.

A keke napep aka kai ni asibiti, aka yi mani ƙarin ruwa. Nas ɗin da ta duba ni ta sa aka kawo ragowar shayin, ta murza a tafin hannu ta shinshina, ta ce mafi yawansa filasko ne. Filasko, 'yar'uwa! Wanda kakanninmu ke jiƙawa in ciki ya ɗaure, wanda ke fitowa a bayan gari ba mai kula shi. Ta yi mani bayani cewa aikinsa a babban hanji yake, bayan jiki ya riga ya tsotse abin da zai tsotsa daga abinci, don haka abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki, kitse na nan inda yake. In gishirin ya yi ƙasa sosai har bugun zuciya yana rikitawa. Abin da ya fi ƙona mani rai, nonona ya ja baya. Yarinyata ta kama ta saki ta tsala kuka cikin dare, ni ma in zauna ina yi. Sai da maigida ya ci bashi muka sayi madarar gwangwani. Da na aika wa matar nan, cewa ta yi ban bi ƙa'ida ba, daga nan ta toshe lambata. Ko sannu. Tana nan tana yawo gidajen mutane da jakarta, na ji ma yanzu ta haɗa da maganin ƙiba, sha-ka-fashe, tana sayar wa amare. Hannu ɗaya ta ƙibanta yarinya, ɗaya hannun ta ramar da uwarta. Na bar ta da Allah, amma ban yafe ba.

To ga abin da ya yi mani aiki, kuma ko kwabo bai ƙara mani ba, ragi ma ya yi.

Sukari na fara kamawa. Ki zauna ki lissafa tsakaninki da Allah: na shayin safe, na kunu, na fura da rana, na zoɓo, ga lemon kwalba in an yi baƙi. Robar lemo guda ta 50cl tana ɗauke da sukarin da ya kai cokalin shayi 10 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya tsaya ƙasa da kamar cokali 12 a yini, in ya iya komawa 6 ya fi. Mu nan kafin azahar mun wuce. Ban bar fura ba, wace Basakkwata ce za ta bar fura? Gero ne da nono, abinci ne mai kyau. Amma yanzu dunƙule ɗaya nake damawa da nono mai yawa, ba sukari, kuma a matsayin abincin rana nake shanta, ba abin kora tuwo ba. Farko za ki ji salam, daga baya harshe zai saba har ki fara jin zaƙin geron da kansa. Kunun kanwar jego ma, iyayenmu na ɗura mana shi kwano-kwano don ƙauna, amma in an yi arba'in ai sai a sassauta.

Sai mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kusan kalori 120 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), mu kuwa tuttulawa muke daga galan sai ya yi iyo a kan miya, don kar a ce matar gidan marowaciya ce. Na ajiye cokali a bakin galan, da shi nake aunawa. Kwalbar da ke ƙarewa kafin Juma'a ta koma tana kai ni nesa, rarar kuɗin na mayar wa ƙwai. Ƙwai ɗaya dafaffe na da sinadarin gina jiki kusan giram 6, kuma yana riƙe ciki fiye da burodi.

Kar ki bari masu hotunan abinci a intanet su karya maki zuciya da su tuffa da inabi. Ki shiga Kasuwar Daji da yamma lokacin da masu ganye ke son tashi, ki ga yadda ake tara zogale da alayyafo da sure da kabeji. Albasa kuwa ai garinta muke. Tiyar wake ɗaya ta fi maki katan ɗin taliyar yara. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa da ɗan tonka, wallahi babu abin da ya kai shi riƙe ni. Wake da alayyafo. Alala maimakon ƙosai, tunda ita turarawa ake. Awara ma, in kin yi da kanki daga waken suya, ki jefa cikin miya ba sai kin soya ba. Tuwo kuma ban daina ba, tukunya ɗaya muke ci da kowa, ba ni da halin girki biyu. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannuna, miyar guro ko kuka ko lalo ta fi tuwon yawa, kuma ina ci tun bayan magariba. Na dawa da na gero sun fi na shinkafa daɗewa a ciki. Abin da ke kashe mu mata kuma ba mu lissafa shi: ragowar yara. Wannan ya bar loma uku, wancan ya bar rabin masa, sai ki ce kar a yi almubazzaranci ki share. Ki rufe masu, anjima za su nema.

Kuma in kina shayarwa, kar ki kuskura ki zauna da yunwa. Ki ci, ki sha ruwa sosai. Rabin kilo a mako ya isa, mai saukowa a hankali shi ne ba ya dawowa da gudu.

Maganar motsa jiki, maza na da filin Giginya, su sa wando su fita gudu ba mai ce masu komai. Mu fa? Ki fita da takalmin gudu a unguwa ki ga yadda za a leƙo ta katanga. Ni da hijabina da silifas na fara. Bayan sallar asuba, kafin rana ta fito ta fara dukan mutane, nake raka yara makarantar allo in zagaya ta doguwar hanya in dawo. Tafiya mai ɗan sauri, wadda za ki iya magana amma numfashi ya ɗan hau. Abin da likitoci ke nema minti 150 ne a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma ba dole a haɗe ba, kwata da safe kwata da yamma ma ya yi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kabu-kabu ya haukace, sai na mayar da abin riba: duk inda ƙafa za ta kai, ba na hawa. Lokacin hunturu ya fi daɗin tafiya, sai dai ki rufe hanci saboda ƙura. Da bazara kuwa kar ki yarda ki fita da tsakar rana wai don ki yi gumi. Gumi ruwa ne, kina sha zai dawo. Haka masu ɗaure ciki da leda ko bel, wahala ce kawai.

In maigida ba ya son fita, tsakar gida ta isa. Ki zauna kan kujera ki miƙe ba tare da dafa komai ba, ki maimaita har cinya ta yi zafi, ki huta ki sake, wannan shi ya gyara mani gwiwa. Ki dafa bango ki dinga turawa da hannu. Ki cika robobin ruwa biyu da yashi ki dinga ɗagawa sama. Jarkar lita 20 kilo 20 ce cif, in mai ruwa ya kawo ki juye da kanki, amma ki lanƙwasa gwiwa, kar ki sunkuya da baya. Na koma daka yajina da gerona a turmi maimakon kai wa inji. Tsallen igiya dai ki bari tukuna tunda gwiwa na ciwo. Kuma kar wani ya ruɗe ki da cewa akwai motsin da ke cire tumbi shi kaɗai, jiki gaba ɗaya yake saukowa, nawa ma fuska da wuya suka fara, tumbin shi ne na ƙarshe, har na kusa fid da rai.

Ni fa abin da ke ba ni haushi, mazanmu. A kawo ki kina siririya a ce ba a ba ki abinci, dangi su sa ki gaba sai kin cika. Ki haihu ki cika, a fara kallon waje ana maganar ƙarin aure. Nawa dai alhamdulillahi, tun abin da ya faru a Mabera jikinsa ya yi sanyi, shi ya fara cewa a rage masa sukari a shayi, don mahaifinsa ciwon suga ne ya kwantar da shi. Ki jawo naki a jiki, ki nuna masa kuɗin cefane ne zai ragu. In ya shigo da tsire ko balangu da dare ki ci yanka kaɗan da albasa mai yawa, ba sai kin ƙi ba ya ji haushi.

Sikeli ba ni da shi, ke ma ba sai kin saya ba. Zare na samu, na auna tsawona, na ninka biyu. In ya zagaye cikina daidai cibiya ya haɗu, to an zo inda ake so, don ƙa'idar ita ce kugu kar ya wuce rabin tsawo. Farkon yi saura tazara mai yawa, na ƙulla alama na rataye bayan ƙofa, duk farkon wata in gwada. Yanzu ya kusa haɗuwa, ina sallah a tsaye in yi sujada in tashi ba dafa bango, ina goya yarinya har bakin titi ba haki.

Abu biyu ba ki faɗa ba. In tiyata aka yi maki wajen haihuwa, kar ki ɗaga jarka ko ki yi wani motsin ciki sai likita ya ce to, tafiya kawai ki riƙe. In kuma kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku, wasu matan tana ƙara masu jiki, kar ki daina da kanki, ki gaya wa nas ta duba maki wata hanyar. Hakin nan da kika ambata ma bai kwanta mani ba. Ranar da za ki kai yaro rigakafi ki roƙa a gwada maki hawan jini da yawan jini, in da hali har suga, don ƙarancin jini bayan haihuwa ma na sa haki, kuma mu muna ɗora wa ƙiba komai. Ki gaya mani unguwar da kike, in kusa muke da Runjin Sambo mu dinga fita tare da asuba, mu uku ne yanzu da maƙwabtana.