Bakinka Naka Ne, Amma Me Ka Sa Wa Hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni mai wasan barkwanci ne, ina da mabiya a TikTok da Facebook. Wani kamfanin lemo ya ɗauke ni jakadan tallarsa na shekara guda, ya biya ni rabin kuɗin tun farko. Ana tsaka da aikin sai na saki bidiyo ina zolayar wani ɗan siyasa kan alƙawuran da bai cika ba. Ba a jima ba kamfanin ya aiko mini da takardar soke kwantiragi, yana neman in mayar da abin da na karɓa. Ƙungiyarmu ta 'yan wasa ta ce ta dakatar da ni, yaran ɗan siyasar kuma suna barazanar kai ni wurin 'yan sanda. Ni mai kallon tseren Formula 1 ne, na ga yadda aka hukunta Max Verstappen kan kalma ɗaya. Shin wanda ya yi suna ba shi da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Kana da wannan 'yancin, sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa shi, da mai suna da marar suna. Sai dai rigima uku ce a gabanka ba ɗaya ba, kuma kowace da dokar da ke tafiyar da ita: ta kamfani, ta ƙungiya, sai ta hukuma. Sashe na 39 yana da ƙarfi sosai a ta uku, yana da ɗan tasiri a ta biyu, amma a ta farko kusan ba zai amfana maka komai ba. Tunda ka kawo maganar tsere, bari mu fara daga can, domin babu fagen da ya fi nuna wannan bambanci a fili.

Verstappen ba wata gwamnati ce ta hukunta shi ba. A watan Satumban 2024, a taron manema labarai na hukuma a Singafo, ya yi ashar yana kwatanta halin da motarsa ke ciki. Alƙalan tsere na FIA, hukuma mai zaman kanta da ke kula da tseren motoci a duniya, suka ɗora masa aikin taimakon al'umma, ya je ya yi shi a Ruwanda a watan Disamban shekarar. Charles Leclerc ya yi irin wannan suɓutar baki a Meziko, aka ci shi tarar Yuro 10,000, aka jingine rabi. Me ya ba FIA wannan iko? Lasisi. Babu mai shiga gasar sai da lasisin hukumar, kuma duk wanda ya karɓe shi ya amince da kundin dokokinta. A cikin kundin akwai wani sashe da ya fara aiki a farkon 2023, wanda ya hana direba furta ko nuna saƙon siyasa, na addini ko na ra'ayin kansa a harkokin gasa sai da rubutaccen izini. Wannan ya biyo bayan abubuwa irin rigar da Lewis Hamilton ya sa a kan dandalin karɓar kofi a Mugello ta ƙasar Italiya a 2020, yana neman a kama 'yan sandan da suka kashe Breonna Taylor, wata baƙar fata a Amurka.

Abin lura shi ne iyakar dokar. Da hayaniya ta yi yawa, FIA ta fayyace cewa haramcin ya shafi wuraren da take iko da su ne, kamar dandalin kofi, faretin direbobi da taron manema labarai na hukuma, ban da shafin direba na kansa a intanet. Shi ya sa bayan hukuncin Verstappen ya riƙa ba da amsa a taƙaice a ɗakin taro, sannan ya fito waje ya yi wa 'yan jarida bayani son ransa. A watan Janairun 2025 hukumar ta tsananta, ta sa tarar Yuro 40,000 ga direban Formula 1 a karo na farko, 80,000 a na biyu, 120,000 da dakatarwar wata guda da zaftare maki a na uku. Direbobi suka yi ca, a watan Mayu aka rage asalin tarar da rabi, aka kuma bambanta maganar da aka yi a ɗakin taro da wadda aka yi cikin zafin tsere. Ba kotu ce ta sassauta dokar ba, haɗin kan direbobi ne.

Inda shafin direba na kansa ke jawo masa asara shi ne wajen masu ɗaukar nauyi. Kyle Larson na gasar NASCAR a Amurka ya furta kalmar wariyar launin fata a Afrilun 2020 yana wasan tseren kwamfuta da ake haskawa kai tsaye. Manyan kamfanonin da ke tallafa masa suka janye, ƙungiyarsa ta Chip Ganassi ta sallame shi cikin kwana biyu, NASCAR ta dakatar da shi. Haka ƙungiyar tsere ta Red Bull ta soke kwantiragin direbanta Jüri Vips a 2022 kan irin wannan furuci a Twitch, dandalin haska bidiyo kai tsaye. Amurka ita ce ƙasar da ta fi kurin kare 'yancin magana, amma kundinta gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai ce dole kamfani ya ci gaba da biyanka ba. Ko 'yar fim Gina Carano da ta kai Disney kotu a 2024 kan sallamarta saboda rubutunta, dokar ƙwadago ta jihar Kalifoniya ta dogara da ita, wadda ta hana a kori ma'aikaci kan ra'ayin siyasa. An sasanta a 2025.

To, mu dawo kanka. Ɗauko kwantiragin ka nemo sharaɗin kiyaye mutunci, wato sakin layin da ya ba kamfani damar rabuwa da kai idan halinka ya taɓa sunansa. Dukkan shari'arka a kan kalmomin wannan sakin layi take. Idan ya ce sai kotu ta same ka da laifi, to kamfanin ya yi gaggawa, shi ne ya saɓa alƙawari. Idan ya ce duk abin da ya jawo abin kunya ko ƙyamar jama'a, dole kamfanin ya nuna cewa hakan ta faru, ba wai wani babba ya buga waya yana fushi ba. Idan kuwa ya ce duk abin da kamfani ya ga, a ra'ayinsa shi kaɗai, zai iya rage masa ƙima, ko ya fito fili ya hana ka tsoma baki a siyasa, gaskiya matsayinka ya yi rauni. Yawancin kwantiragin da lauyoyin kamfanoni ke rubutawa irin wannan na ƙarshen ne, kuma yawancin 'yan wasa shafin kuɗi kawai suke karantawa.

Ko da kamfanin na da dalili, sai an duba ko ya bi hanya. Kwantiragi da yawa na buƙatar rubutacciyar sanarwa da wa'adin gyara, kamar kwana 7 ko 14 na sauke bidiyon ko ba da haƙuri, kafin a soke. Wasu sun faɗi adireshin da za a aika sanarwar da wanda zai sa mata hannu. Kamfanin da ya tsallake wannan mataki ya ba ka makami.

Maganar mayar da kuɗi daban ce da maganar soke kwantiragi, kada ka bari a haɗa maka su. Ikon sokewa ba ya nufin ikon karɓe abin da ka riga ka yi wa aiki. Ka lissafa abin da ka cika: bidiyo nawa ka ɗauka, sau nawa ka wallafa, taro nawa ka halarta. Idan babu sharaɗin mayar da kuɗi a rubuce, abin da kamfani zai iya nema bisa adalci shi ne kason aikin da ba a yi ba. Idan akwai sharaɗin, kuma ya ce ka mayar da komai ko nawa ka yi na aiki, lauyanka na iya ƙalubalantarsa a matsayin horo, domin kotu na aiwatar da diyyar da aka ƙiyasta bisa asarar gaske, ba adadin da aka sa don tsoratarwa ba. Ka kuma zagaya gari ka ga ko allunan talla masu hotonka suna nan. Kamfanin da ya ce ka zubar masa da mutunci alhali yana sayar da lemo da fuskarka ya raunana hujjarsa, kuma kana iya neman kuɗin wannan amfani. Sannan ka duba ko sharaɗin da ya hana ka yi wa kishiyoyinsa talla ya faɗi tare da kwantiragin. Sau da yawa samun 'yancin sa hannu da wani kamfanin gobe ya fi maka amfani a kan ragowar kuɗin da za ka shekara kana bi.

Kada ka mayar da ko kwabo yanzu, kada ka amsa takardar da muryar WhatsApp cikin fushi. Lauya ya rubuta amsa yana musanta saɓa alƙawari, yana neman a faɗi takamaiman sakin layin da aka dogara da shi. Shafin ƙarshe na kwantiragi zai gaya maka inda za a kai rigimar. Idan akwai sharaɗin alƙalin sasanci, Dokar Sasanci ta 2023 ce za ta yi aiki, kuma in ka garzaya kotu kamfanin zai nemi a tsayar da ƙarar. Idan babu, Babbar Kotun jiha ce wurin zuwa, tunda jakadan talla galibi ɗan kwangila ne. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, bisa sashe na 254C, ta mai albashi ce da ke ƙarƙashin umarnin ubangida. Kuskuren da ke cinye wa mutane kuɗi shi ne shigar da irin wannan ƙara a matsayin ta tauye haƙƙin ɗan Adam. Kotun Ƙoli ta daɗe da cewa idan ainihin ƙorafin kora ce ko saɓa kwantiragi, ba ta wannan hanya ake bi ba, kamar yadda ta yanke a shari'ar Sea Trucks da Anigboro a 2001. Sai a kori ƙarar ba tare da an taɓa gundarin maganar ba.

Ta ƙungiya ba ta da tsawo. Ikonta a kanka daga kundinta yake fitowa, kamar na FIA a kan direba. Ka nemi kwafin kundin, ka ga ko laifin da aka ce ka yi yana ciki, ko an gayyace ka ka kare kanka, ko kwamitin da ya yanke hukuncin shi ke da hurumi. Kotuna ba sa son shiga harkar cikin gidan ƙungiya, amma suna soke hukuncin da aka yanke ba tare da jin ta bakin mutum ba. Ka kiyaye wa'adin ɗaukaka ƙara na cikin gida. A tseren mota awa ɗaya tak ake ba mutum ya sanar da niyyar ɗaukaka ƙara bayan an fitar da hukunci, sannan awa 96 ya tabbatar da ita. Ka kuma bambanta ƙungiya da hukuma: MOPPAN ta masu shirya fina-finai da ta dakatar da Rahama Sadau a 2016 ƙungiya ce, ƙarfinta shi ne 'ya'yanta su ƙi aiki da mutum, amma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano doka ce ta kafa ta, hukuncinta kuma ana iya kai shi Babbar Kotu ta duba.

Barazanar 'yan sanda ce ta fi buƙatar ka shirya tun yau. Sashe na 45 na kundin tsarin mulki ya halatta dokokin da ke taƙaita magana don zaman lafiya, tarbiyya da kare haƙƙin wasu, kuma ɓata suna laifi ne a sashe na 391 da 392 na dokar Final Kod. Ba wasa ba ne: a Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 da tara da sharar harabar kotu kan bidiyon da suka yi game da gwamnan lokacin. Kariyarka tana cikin abin da ka faɗa. Cewa ɗan siyasa ya yi alƙawarin hanya bai gina ba ra'ayi ne a kan aikin jama'a, kuma doka ta keɓe gaskiyar da aka faɗa don amfanin jama'a da sharhin da aka yi da kyakkyawar niyya kan aikin mai riƙe da muƙami. Cewa ya sace kuɗin hanyar zargi ne, sai da hujja, kuma cewa wasa kake yi ba zai wanke ka ba. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka daɗe ana kama mutane da shi, an yi masa gyara a 2024. Yanzu ɓangarensa na farko ya tsaya kan saƙon batsa da saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya aika don tada zaune tsaye ko jefa rai cikin haɗari. Zolaya kan alƙawarin da ba a cika ba ba ta shiga nan, ko da yake wannan ba ya hana wani jami'in rubuta sashen a takardar tuhuma.

Kafin ka sauke bidiyon, ka adana asalinsa da ranar wallafawa da sharhin da aka yi a ƙarƙashinsa, ka riƙe wayar da ka ɗauka da ita, domin sashe na 84 na Dokar Shaida na buƙatar takardar tabbatar da na'urar kafin kotu ta karɓi hujjar kwamfuta. Ka tara jawabin da ɗan siyasar ya yi alƙawarin a ciki. Idan an gayyace ka ofis, ka je da lauya da mai tsaya maka beli. Sashe na 35 ya ba ka damar yin shiru har sai ka gana da lauya, ya kuma wajabta a kai ka kotu cikin awa 24 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko awa 48 idan babu. Nan ne ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam ke da muhalli idan aka tsare ka fiye da ƙa'ida. Idan kuma kamfanin ne ya nemi amfani da 'yan sanda wajen karɓar kuɗinsa, sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum kan saɓa kwantiragi.

Za a matsa maka ka fito ka ba da haƙuri. Yana iya zama dabara mai kyau: Larson ya nemi afuwa, ya cika sharuɗɗan da NASCAR ta gindaya masa, ya dawo ya lashe gasar 2021. Amma shi ba tuhumar laifi ke jiransa ba. Kai duk kalmar da ka furta a bidiyon ban haƙuri tana iya zama iƙirari a gaban majistare, ta kuma zama hujjar kamfani cewa ka yarda ka saɓa kwantiragi. Idan za ka yi, lauya ya rubuta kalmomin, kuma ya kasance cikin yarjejeniyar sulhu a rubuce wadda ta ce an janye ƙorafi, an yafe neman kuɗi, an kuma sake ka ka yi talla da wanda ka ga dama.